Sunan 'Yar Fari

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo daga Doguwa. Mu uku a bayan mota: ni, ƙanena Abdulhadi, da yarinyar a tsakaninmu. Tun daga can har Tudun Wada ba ta ce uffan ba. Abdulhadi ya saya mata dafaffiyar gyaɗa a hanya, ta karɓa da hannu biyu kamar yadda Inna, mahaifiyarmu, ta koya mata, ta riƙe a cinya har muka iso gida.

Kayanta duka leda guda ce. Abin da aka iya cirowa ke nan daga ɗakin Inna da ruwan sama ya rusa a kansu. Sai mayafin Inna mai ruwan toka, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa ba, balle a wanke.

Littafin shirya darasi ne wannan, na 'yan ajina, hutu ya bar shi ba aikin yi. In ban rubuta ba zan fashe, ga gidan cike da mutane.

Allah Ya ji ƙan Inna. Iyakar abin da hannuna zai iya rubutawa ke nan a kan wannan.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Mata sai shigowa gaisuwa suke yi. Kowacce in ta gama da ni sai ta juya wajen yarinyar ta ce, "Allah sarki, ku dubi haƙuri a wurin 'yar ƙarama, ko hawaye babu." Ita kuwa tana zaune a tsakiyar tsakar gida a kan turmi, ido a ƙasa. Ba ta zama kusa da bango. Jiya na lura, yau na tabbatar.

Ita ce ta fari a wurina. Ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta ta tafi da ita, kamar yadda aka saba a gidanmu. Yanzu shekarunta tara, kuma ban taɓa faɗin sunanta ba. Ba a yi. 'Yar fari ai ba a kiran sunanta, ba a ɗaukar ta a gaban mutane, in an ce ta yi kyau sai ki kau da kai kamar ba ki ji ba. Ni ma ta fari ce a wurin Inna, kakata ce ta raine ni, kuma har Inna ta koma ga Allah "ke" take ce mini, ko "waccan". Ban taɓa jin haushi ba. To, wataƙila sau ɗaya ko biyu.

Yarinyar "Anti" take ce mini. Da take ce mini, ya kamata in rubuta.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Ta ci loma uku ta ture kwanon.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Hadari ya taso daga gabas, kowa na kwashe shanya yana shigewa ɗaki, ita kuwa ta miƙe ta tsaya a fili. Malam, mahaifinta, ya lallashe ta ya gaji. A ƙarshe ya ɗauko lema ya tsaya tare da ita a tsakar gida har ruwan ya ɗauke, babban mutum da gemunsa, wandonsa sharkaf. Humaira, ƙanwarta, tana leƙen su daga bakin ƙofa tana ta dariya, ta ɗauka wasa ne.

Ni ina madafa ina juya tuwon da ba ya bukatar juyi.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Abdulhadi bai koma Kano ba. Wai sai ya ga yadda muka zauna. Ƙarya yake, shi ne bai zauna ba. Autan Inna ke nan, wanda har ya shiga kwalejin horar da malamai tana aika masa da ƙuli-ƙuli a mota. Tun ranar ban ga ya yi kuka ba, sai surutu. Bakinsa ba ya hutawa a kan binciken da yake yi na kammala karatu, wai a kan juriyar yara bayan sun ga tashin hankali. Na sa masa suna Malam Bincike.

Yau ina tankaɗe ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Yaya, shirun nan da ake yabo fa ba haƙuri ba ne."

"To mene ne, Malam Bincike?"

"Abin ne ya fi ƙarfin bakinta. Masu nazarin nan sun bi yara shekara da shekaru, waɗanda suka ga masifa suna ƙanana. Waɗanda suka miƙe daga baya ba da wata zuciyar ƙarfe aka haife su ba. Kusan dukkansu akwai babba guda ɗaya da ya tsaya musu, wanda yaron ya san ko sama da ƙasa za su haɗu yana nan."

Na ce, "In don wannan ne ai ta warke. Dangi gare ta cike da gari."

Ya ce, "Yaya, dangi cike da gari daban, mutum ɗaya daban. Nata mutum ɗayan ita ce muka baro a Doguwa."

Daga nan ya tashi wai zai duba cajin waya. Na bi bayansa da kallo. Ƙeyarsa sak ta Inna.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Kanta ya isa tsifa tun tuni. Na aika ta gidan mai kitso tare da Humaira, suka dawo yadda suka tafi, wai ta ƙi shiga ɗakin matar.

Maza duk sun tafi masallaci, surukata tana barci. Na duba dama na duba hagu kamar ɓarauniya, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya, na ce, "Ke, zo nan." Ta zo. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, na sa tsinke na fara warwarewa.

Jar ƙasa ce ta dinga zubowa a cinyata. Har a gindin gashi, har bayan kunne, da ɓurɓushin ciyawar da ake kwaɓa ƙasar gini da ita. Na tsefe, na karkaɗe zane, na sake tsefewa. Ban san ina kuka ba sai da na ga ɗigo a wuyanta.

Gashinta irin nawa ne, mai taurin tsiya. Shekara tara ban sani ba.

Da na ji sallamar Baffa, surukina, a zaure, sai na yi zumbur na miƙe na bar ta da rabin kai. Kai, Shamsiyya! Wa zai kama ki?

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Na ƙarasa mata kan. Shuku na yi mata. Bai yi kyau ba, amma ta shafa sau biyu.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

An kawo akuyar Inna daga Doguwa a bayan babur, ita kaɗai ce aka samu a turke lafiya lau. Kyalla sunanta, fitinanniya ta gaske, da isowarta ta cinye mini zogale. Yarinyar na ganin ta ta tashi da gudu ta rungume wuyanta. Tun da muka dawo ban ga ta yi gudu ba sai yau.

Malam Bincike ya ce a bar mata kiwon ta gaba ɗaya, dusa da ruwa da ciyawa, kada kowa ya taya ta. Wai yaro in yana da abin da ke jiran sa kowace safiya, yakan sami dalilin tashi. Na ce ai wannan ko kakata ta sani ba ta je kwaleji ba. Ya ce to shi ya sa ya yarda da binciken. Ɗan banza, ya ba ni dariya, har na ji kunyar dariyar.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Yaya Asabe ta zo daga Kafin Maiyaki. Yayar Malam ce, mace mai kirki, ba zan ci hakkinta ba. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, gidanta na siminti ne har sama. Ta zo da atamfa da takalmi da cincin cike da roba.

Bayan an ci abinci, a gaban surukata da matan makwabta, ta ce, "Shamsiyya, tunda Allah Ya yi haka, sai a ba ni ita in riƙe. Ai ba za ta zauna a gabanki kina kau da kai tana kau da kai ba. Ko kina da magana?"

Kowa ya zuba mini ido ana murmushi, don an san amsar. Ni ma na san ta, tun ina ƙarama nake jin mata suna ba da ita. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ina ruwana, Yaya? Ai taku ce."

Aka ce madalla, aka ce 'yar gidan mutunci. Aka tsayar da cewa Juma'ar sama za ta zo ta tafi da ita.

Sai da na ɗago na ga yarinyar a bayan rumbu da kwanon dusa a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Ba ta ci komai ba.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Ni ina ruwana. Ni ina ruwana. Bakina ne ya faɗa, da harshena.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Da, in ina girki takan zo ta zauna nesa kaɗan tana kallon hannuna. Tun ranar Laraba ta daina. Tana can wajen akuya, ta ba gidan baya.

Abdulhadi ya same ni a madafa, yau babu wasa a fuskarsa.

"Yaya, kina son ta tafi?"

"Ba a tambayar uwa wannan."

"Ni na tambaya."

Na ce ya fita mini daga madafa kafin in ɗora masa muciya. Bai fita ba. Ya ce shi ba ya cewa al'ada banza ce, kunya ado ce, kuma dabara ce mai kyau a lokacin da akwai kaka da za ta yi wa yaro abin da uwa ta kau da kai a kansa. "Amma yanzu wa zai yi mata? Ke kin san abin da ke zuciyarki. Ita abin da kunnenta ya ji kawai ta sani."

Na ce, "Kai ka san me za a ce da ni a garin nan? Marar kunya, mai rungumar 'yar fari a gaban surukai."

Ya ce, "Za a faɗa. Sati biyu, a gaji."

Yaron da na yi wa wanka da hannuna, yau shi ke yi mini wa'azi. Na ba shi ƙanzo ya tafi.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

A aji nakan kira sunan yara fiye da arba'in kowace safiya, har da masu sunan nan nata su biyu. In na zo kansu sai in ce "mai sunan 'yar Inna", yara su yi ta dariya. Yau na shiga banɗaki na rufe ƙofa na gwada faɗa a hankali. Wallahi ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Talata, 26 ga Agusta, da yamma

Na gwada yi wa Malam maganar. Na kai masa ruwa na tsaya ina murza gefen mayafi. Ya ce, "Akwai magana ne?" Na ce gishiri ya ƙare. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce shi ma ba ya so yarinyar ta tafi, amma yayarsa ce, kuma ni aka tambaya na amsa a gaban mutane. In na janye, shi zai tsaya mini. Amma daga bakina za ta fito.

Ga gishiri kuwa buhu guda a ɗaki.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Na wanke mata kaya na ninke a jakar da Yaya Asabe ta bari. Na saka, na fitar, na sake sakawa. Humaira ta tambaye ni ko akuyar ma za ta shiga jakar.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Gobe ne.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Yaya Asabe ta iso kafin azahar. Aka ci abinci, aka fito da jaka, mai babur yana jira a ƙofar gida. Sai gari ya yi baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Aka ce a dakata ruwan ya wuce. Aka waiwaya, babu yarinyar. Babu akuya a turke.

Aka duba bayan rumbu, aka duba makwabta. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wani ya ce ya ga yarinya da akuya sun bi ta gonar Baffa. Dawa ta fi mutum tsayi a can, kuma bayanta rafi ne, wanda in an yi ruwa irin wannan yakan cika kafin a ankara.

Duk muka fita. Malam da Abdulhadi suka kutsa cikin dawa suna ƙwala mata kira. Baffa da sandarsa, Yaya Asabe ba ko takalmi, makwabta maza da mata, kowa yana kiran sunanta. Shiru. Ni ina tsaye a bakin gona ina ihu, "Ke! Ke! 'Yar Inna!" Kamar mahaukaciya. Wace ce "ke" a cikin wannan ruwa?

Sai na ji ƙarar rafin. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Baffa yana gefena, kafaɗa da kafaɗa. Na buɗe baki na ce:

"Muhsina!"

Na sake. Na sake, har muryata ta tsage. "Muhsina, ni ce! Ki fito, don Allah, Muhsina!"

Akuyar ce ta fara amsawa. Sannan dawa ta motsa ta wajen hagu, can kusa da mu, wurin da maza suka wuce har sau biyu suna kira. Ashe tana tsugune a nan tana jin kowa. Ta fito da igiya a hannu, mayafin Inna ya manne mata a jiki, tana rawar sanyi. Ta tsaya a gabana tana kallon bakina.

Ta ce, da wata 'yar murya a dushe, "Anti, ashe kin san sunana?"

Na durƙusa a cikin taɓo na jawo ta na ƙanƙame, na ce, "Ni na zaɓa miki shi. Tun kina ciki na zaɓa, na raɗa wa babanki." Sai ta fashe. Kukan da ba ta yi ba tun Doguwa, duk ta yi shi a wuyana, tana kiran Inna, tana cewa ta yi ta kiran ta ba ta amsa ba. Na ce na sani. Na ce ni zan amsa.

Na kwance mayafina na goya ta. 'Yar shekara tara, ƙafafunta har gwiwata. Na ratsa ta gaban Baffa da surukata da rabin unguwa da ita a bayana. Abdulhadi yana biye da mu yana jan akuya, yana kuka wiwi kamar ɗan yaye. Shi ma nasa ya samu hanya.

A zaure na tsaya gaban Yaya Asabe, ruwa na zuba daga jikina. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ranar nan ƙarya na yi. Da ruwana. A bar mini ita."

Wata makwabciya ta kama haɓa. Yaya Asabe ta dube ni, ta dubi ƙafafun da ke reto a bayana, ta ce, "Marar kunya." Sannan ta share ido da bakin zane ta ce, "Da kin faɗa tun ranar ai da ban sha wannan ruwan ba. Ku shiga ku sake kaya." Baffa kuwa sai ya aika a sayo madara a dafa mata shayi.

Kuma ta shiga ɗakin. A bayana, amma ta shiga.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan azahar

An fara maganata a gari. Malam Bincike ya ce saura kwana goma sha biyu a gaji. Gobe zai koma Kano, na soya masa ƙuli-ƙuli. Ya ce bai kai na Inna ba, na ce ya ajiye mini abina, ya rungume ledar.

Ba wai ta warke ba ne. Magana ɗaya-ɗaya take yi, kuma da gari ya yi duhu tana neman gefen zanena. Abdulhadi ya ce haka abin yake, sannu a hankali, wata rana gaba wata rana baya. Ba inda za ni.

Muhsina. Muhsina. Ga shi na rubuta, littafin bai kama da wuta ba.

Talata, 2 ga Satumba, bayan sallar asuba

Na idar da sallah ina zaune a kan darduma, ta taso ta zauna kusa da ni ta jingina. Ina addu'a a hankali, na zo kan 'ya'ya, na ambaci sunanta da na Humaira. Da na shafa sai ta ce, "Haka Inna take yi."

Na ce, "Tana yi miki addu'a?"

Ta ce, "Ke take fara yi wa. Kullum. Sai ta ce, Allah ga Shamsiyyata nan."

Na ce ta sake faɗa mini yadda take cewa. Ta sake, da irin muryar Inna, har da jan ƙarshen.

Akuya tana ta kuka a waje tana jiran dusa. Muka bar ta ta ɗan jira.